A Ɗaga Kayan Yaɗo Daga Ƙasa

Kowa ya sani ruwan sama ya fi yawa a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa bisa ga arewacin Kano. Wannan alheri ne ga masara da dawa, amma mai lambu yakan yi hasara. Cikin watan Agusta ƙasa ba ta bushewa, sai tumatir da gurji da waken yaɗo da ke kwance a kanta su ruɓe tun ba su nuna ba. Masu noman rani, waɗanda suka yawaita tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, su ma haka ruwan fangali yake ɓata musu amfani.

To, maganin abin rumfa ce, kuma ba ta cin ko kwabo. A kafa dirkoki a jere, tsakaninsu ƙafa 6, a binne ƙafa ɗaya da rabi, a bar ƙafa 6 a sama. A gitta gora bisa kansu, a jingina karan dawa a gindin kowace shuka, a ɗaure da igiyar rama. Layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, don rana ta sami kowane gefe. Lalle a kafa kafin shuka ta fara yaɗo, gama in an makara dirka za ta tsinka saiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗansu manoma sukan ce wahalar banza ce, wai gara za ta ci, iska ta kayar. Gaskiya ne gara tana cin busasshen icce. Saboda haka a yi dirka da ɗanyen reshen dashi ko zogale, wanda zai kama ya yi saiwa. Babu dalilin shiga dajin Falgore a sari itacen da hukuma ta hana.

Babbar kabewa kam a bar ta ƙasa, don nauyinta ya fi ƙarfin kara. Amma duma da soso a raba su da jinkar ɗaki, gama laimarsu ce ke ruɓar da bunu.

Amfanin da ke rataye yana shan iska, cuta ta ragu, tsinka ta yi sauƙi, kuma ya fi daraja a kasuwa. Don haka in kaka ta yi, kada a ƙone kara a gona. A zaɓi masu kauri a jingine su inda gara ba ta kai.