A faifan jaz, waye mai masauki?

Masu sayar da faifai a Turai da Amurka sun daɗe da raba wa jaz ɗin gauraya gidaje. Akwai jaz-rok, inda jita mai lantarki ke kururuwa, irin *The Inner Mounting Flame* na Mahavishnu Orchestra da ya fito a 1971. Akwai jaz-fank, wanda Herbie Hancock ya kafa wa tuta da *Head Hunters* a 1973. Akwai mai ɗanɗanon Latin, na su Chick Corea. Sai mai laushin nan na George Benson da Grover Washington, wanda daga baya Kenny G ya tsinka shi da ruwa har ya koma abin da ake sakawa a zauren otal don kada shiru ya yi yawa. Duk abin da ya saura, wato duk inda aka ji kalangu ko kora ko tabla, sai a zuba shi a kwando ɗaya mai suna "kiɗan duniya", laƙabin da wasu kamfanonin faifai suka tsayar a wani taro a Landan a 1987, don masu shago su san inda za su ajiye mu.

Rarraba faifai abu ne mai daɗi, ban ƙi ba. Wanda ya taɓa baje kasakasai a tabarma yana jera su, wannan kusa da wancan, ya san rabin jin daɗin kiɗan yana nan. Sai dai wancan rabon na masu shago ne. Yana gaya maka irin kayan kiɗan da ke ciki, ba ya gaya maka wa ke da iko da su. Ni da wani ma'auni nake aunawa, kuma a Salaga na aro shi.

Kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, Salaga ce babbar kasuwar hanyar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina da Barno suna shigowa da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron Asante, kuma kada mu yi wa tarihi kwaskwarima, har da bayi. Kowane ayari yana da mai masauki: shi zai ba da ɗaki da wurin ajiya, ya nemo dillali, ya tsaya a ciniki, ya karɓi la'adarsa. Baƙo yana iya fin mai gida dukiya nesa ba kusa ba, amma dokar gidan ta mai gida ce. To, duk faifan da aka ce gauraya ne, tambayata ɗaya: waye mai masauki a nan, waye ya zo da kaya a ka?

Ɗauki *Head Hunters* ɗin. A farkon "Watermelon Man" akwai wata 'yar busa mai tsalle-tsalle da kowa yake ganewa. Bill Summers ne yake hura kwalbar giya, yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzele da ke dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, inda mutum ɗaya yake sarƙa muryarsa da busar sarewa. Abin yana da kyau matuƙa. Amma ka saurara da kyau: da zarar jita mai kauri ta shigo, ganga ta zauna, sai busar ta ja gefe, ba ta sake samun fili sosai sai can wajen ƙarshe. An yi mata maraba a zaure, ba a kai ta cikin gida ba. Wannan faifai a gidan fank yake, kuma ina son sa a hakan. Hancock ɗin nan dai, a *Village Life* na 1985, ya zauna da Foday Musa Suso mai kora na Gambiya, su biyu rak, ya saita na'urarsa ta bi sautin kora maimakon a tilasta wa kora ta bi ta. Mutum ɗaya ne, amma faifan biyu ba sa kwana a kanta ɗaya a wurina.

A nan Gana abin ya fi fitowa fili. Ranar 6 ga Maris 1971, a bikin Soul to Soul a Akara, inda Wilson Pickett da Santana da Tina Turner suka yi wasa, Les McCann da Eddie Harris sun hau dandamali tare da Amoah Azangeo, Bafarafare daga arewa, mai kaɗa ƙwarya yana wurga ta sama yana cafewa ba tare da kiɗan ya kuskure ba. Ya burge jama'a, ya shiga fim, ya shiga faifai. Duk da haka, a ƙasarsa, a ranar 'yancin ƙasarsa, shi ne baƙon. Kwatanta da Guy Warren, wanda daga baya ya zama Kofi Ghanaba: tun wajen 1956, a *Africa Speaks, America Answers*, gangarsa ce ke jan ragama, 'yan jaz na Amurka suna amsawa. Shi ya sa nake jera shi kusa da Uppers International ta Bolgatanga, masu "Dankasa" da kamfanin Analog Africa ya sake fitarwa a 2010, da King Ayisoba. A *1000 Can Die* na 2017 Ayisoba ya gayyato Lee "Scratch" Perry daga Jamaika da Orlando Julius mai busa daga Najeriya, manya ne kowannensu, amma kologo mai tsirkiya biyu, ɗan uwan garaya da gurmi, shi ya ce ga inda za a zauna. Mai shago zai raba waɗannan uku: ɗaya jaz, ɗaya afrobit, ɗaya kiɗan duniya. Ni kuwa gida ɗaya na ba su.

Wani zai ce ai wannan siyasa ce, ba kiɗa ba. A'a, kunne ne. Je ka Yendi lokacin bikin Damba, ka tsaya kusa da makaɗan lunga, wato kalangu, a ƙofar fadar Ya Na, sarkin Dagbon. Dubi hannun hagu, ba na dama ba. Kalangun yana maƙale a hammata, damtse yana matse tsirkiyoyin fata yana saki, sautin yana hawa yana sauka kamar harshen mutum, domin magana yake yi: sunan sarki, sunan ubansa, kirarin gidansu. Tsawon kowace gaɓa daga maganar yake fitowa. Haka masu goge na fada, da ƙwaryarsu da gashin wutsiyar doki, yara a gefe suna girgiza caki. In ka ɗauki wannan makaɗi ka sa masa abin ji a kunne, na'ura tana ƙirga masa huɗu-huɗu, kalangun zai ci gaba da ƙara, amma ya daina magana. Ana jin wannan a faifai, ko da ba ka san Dagbanci ba. Wanda ya tashi da Shata ya san bambancin kalangun da ke amsa waƙa da wanda aka ɗauko haya don ado.

Kuma Dagbon ba ta jira kowa ya koya mata gauraya ba. Tun shekarun 1930 matasa suka ƙirƙiro simpa, suka haɗa kiɗan gida da abin da ya hauro daga bakin teku, dattawa suna gunaguni kamar yadda masu tsattsauran ra'ayin jaz suka yi wa Miles Davis gunaguni da ya fitar da *Bitches Brew* a 1970. (Shi wannan faifan, in za a yi adalci, mai masaukinsa biyu ne: Miles da Teo Macero, wanda ya yi ta yanka zaren rikodin da reza yana ɗinkewa.)

Bawku kuwa, da take zaune a bakin iyakar Burkina Faso da Togo, kasuwarta kaɗai ta isa makaranta: Kusasi, Mamprusi, Bisa, Mosi, Hausawa, kowa da abin da ke fita daga wayarsa. Shekarun rikici da dokar hana fita sun rage wasan dare, kuma wannan asara ce da ba a cika lissafa ta ba, domin makaɗi a dandali yake goge hannunsa, ba a ɗaki ba.

Abin da nake roƙon matasanmu masu ɗakunan rikodi a Tamale da Bolga shi ne su juya tsarin aikin. A fara ɗaukar mai lunga ko mai goge shi kaɗai, ba na'urar ƙirga, a bar shi ya faɗi abin da ya zo faɗa. Bayan nan mai jita da mai fiyano su zauna su nemo inda za su shiga, ko da zai ci musu mako guda. A rubuta sunan makaɗin a gaban faifan da manyan baƙaƙe, ba a ƙasa cikin jerin godiya ba, a kuma yi maganar kuɗinsa kafin a kunna makirufo.