Ina Amsoshin Da Mu Ke Ba Masu Bincike Su Ke Shiga?

Duk wanda ya daɗe a Sabon Badun, ko Agege, ko kasuwar Mile 12 a Ikko, ya san su. Za ka ga saurayi ko budurwa daga jami'a sun zo da jaka da takardu, sun gaida Sarkin Hausawa, sa'an nan su bi rumfa rumfa suna tambaya: daga wane gari ka zo, shanu nawa ka ke saukewa a mako, nawa ne huhun goro bana. Mu ba su amsa, su yi godiya su tafi. To, daga nan fa?

Ba yau aka fara ba. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo cikin 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a 1969 kan fataucin goro da shanu. Littafi ya kan tsira, domin laburare ta san yadda a ke ajiye littafi. Abin da kan salwanta shi ne ɗanyen aikin, wato alƙaluman da aka tara da muryoyin da aka ɗauka. Ni da kaina na raka wani ɗalibi kara har mako biyu ina yi masa tafinta. Bayan shekara uku na nemi abin da muka tara, sai ya ce mini kwamfutarsa ta lalace, kome ya tafi. Dattawa biyu daga cikin waɗanda muka yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda irin wannan ɓarna ne manyan jami'o'in duniya suka fito da sabon ma'aikaci a laburare, mai kula da bayanan bincike. A da aikinsa bai wuce ya nemo wa malami alƙaluman ƙidayar jama'a da wasu suka tara ba. Yanzu kuwa tun kafin malami ya fita bincike za su zauna tare, su tsara inda za a ajiye bayanan, da yadda za a rubuta ma'anar kowane layi don wani ya gane bayan shekara talatin, da wanda za a yarda ya gani. Ba don Allah kaɗai su ke yi ba. Hukumar da ke ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka ta wajabta irin wannan tsari tun 2011, ta kiwon lafiya kuma ta tsananta nata sharaɗin a Janairun 2023. Malaminmu da ke neman kuɗi daga waje, dole ya ci karo da irin wannan sharaɗi.

A ganina laburaren Kenneth Dike ta Badun da ta Kashim Ibrahim ta Zariya, da sauran irinsu, ya kamata su ɗauki wannan aiki da muhimmancin da su ke ba littafi. Amma akwai inda ya shafe mu kai tsaye. Mutumin da ya faɗi cinikinsa da garinsu amana ya bayar. In aka zuba wannan a intanet da sunansa, ana iya cutarsa, balle ga wanda ke zaman baƙunta. Waɗanda suka ga rikicin kasuwar Shasha a 2021 sun san abin da na ke nufi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, sai dai doka ba ta goge suna daga takarda, ma'aikaci ne ke gogewa. In kuwa hirar da Hausa aka yi, yaya wanda ba ya jin Hausa zai san abin da ya kamata a ɓoye?

Ana koyar da ilmin laburare a Badun da Zariya da Bayero ta Kano, ya kamata yaranmu da suka gama sakandare a nan Kudu su duba wannan fanni. Su kuma sarakunanmu na zango, in mai bincike ya sake zuwa gaisuwa, a tambaye shi wace laburare ce za ta riƙe amsoshinmu, da sunan ofishin da za mu je in muna son gani.