Keke Ya Dawo: Me Ikilisiya Take Jira?

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai naira 617 a watan Yuli na shekarar, a watan Oktoba 2024 kuma ta haye naira 1,000. An yi ta magana a kan masu motoci da 'yan kasuwa. Amma akwai wani da ba a cika tunawa da shi ba, wato mai bishara na ƙauye, wanda ikilisiya ta saya wa babur domin ya riƙa zagaya majami'u uku ko huɗu.

Babur ɗin yana nan. Abin zuba masa ne babu. Baikon ranar Lahadi a ƙaramar majami'a bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma dawa ce ko ƙwai. To, idan kuɗin mai ya cinye baikon, ziyara ce take fara mutuwa. Marar lafiya ya kwana bakwai ba wanda ya zo ya yi masa addu'a, masu shirin baftisma su yi ta jiran malami, gwauruwa ta ce an manta da ita. Wannan asara ba ta fitowa cikin rahoton ma'aji, amma asara ce babba.

Iyayenmu da suka kai bishara ƙauyukan Filato, Kudancin Kaduna, Bauchi da Adamawa, da ƙafa suka fara, sa'an nan da keke. Keken Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, shi ne dokinsu: Littafi Mai Tsarki cikin jaka, tabarma a kan kariya, famfo da kayan faci a gefe. Keken nan shi ne ya kai hatsi wurin niƙa, ya ɗebo ruwa, ya kai mai naƙuda asibitin mishan. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 da kuɗin mai suka shigo, sai ido ya koma kan babur da mota, keke ya zama alamar talauci.

A ganinmu, nan ne matsalar take. Ba tsadar keke ce ta hana mu ba, kunya ce. Akwai dattawan ikilisiya da za su gwammace faston su ya zauna gida da a gan shi bisa keke, wai kada a ce sun kasa riƙe shi. A 2001, da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira a koma hawan keke, dariya aka yi masa, da wata bas ta ture shi a Abuja kuwa sai dariyar ta ƙaru. Amma mutanen Maiduguri, da aka hana babura a garin a 2011 saboda rikicin Boko Haram, ba su tsaya jin kunya ba. Malamai, ɗalibai da ma'aikata suka hau keke, rayuwa ta ci gaba.

Ba mu ce keke zai yi kome ba. Tsoho ba zai hau tudun Filato da shi ba, da damina laka takan riƙe taya, a wuraren da 'yan bindiga suke tare hanya kuma mai keke ba ya iya tserewa. Titunan biranenmu ma ba a bar masa gefe ba, direbobi kuwa ba su ɗauke shi mutum ba. Wannan aikin gwamnatocin jihohi ne, ya kamata shugabannin CAN su riƙa faɗa musu.

Namu aikin ya fi sauƙi. Majalisar kowace gunduma ta sa keke cikin kasafinta, a ajiye babur domin tafiya mai nisa da ta gaggawa. Zumuntar Mata, da suka saba tara kuɗin anko da na taron shekara, za su iya sayen kekuna biyu ko uku domin 'yan matan da suke tafiyar kilomita da yawa zuwa sakandare. A kuma tura matashi ɗaya ya koyi gyara wurin mai faci, a saya masa sifana da famfo, domin keken da sarƙarsa ta tsinke kada ya ƙare a jingine bayan majami'a tare da babur ɗin.