Littafin da gwamnati ta biya kuɗinsa, na jama'a ne

Jama'a, duk farkon shekarar karatu sai iyaye su shiga wani hali. Ni ma ban tsira ba. Littafin lissafin da na saya wa babban ɗana bara, bana an ce ƙaninsa ba zai gada ba, wai an fitar da sabon bugu. Haba! Lissafin ne ya canza?

Mafita tana nan. Tun 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da shawarar sakin kayan koyarwa kyauta, da lasisin da ya ba kowa damar saukewa, bugawa, gyarawa ko fassarawa. Jami'ar NOUN ta daɗe da zuba littattafan darussanta a intanet. Shafin African Storybook ma yana da labaran yara, har da na Hausa.

Ni dai ra'ayina, mu matsa wa 'yan takararmu lamba: SUBEB da ma'aikatar ilimi su biya ƙwararrun malamanmu sau ɗaya, su rubuta littattafan firamare da sakandare bisa manhajar NERDC, sannan a sake wa kowa. Mai maɗaba'a a Zariya ko Gusau ya buga da araha, malamin ƙauye ya fassara wa ɗalibansa.

Wani zai ce ina wuta, ina data? Ai takarda ba ta neman caji. 'Yan kwangilar littattafai ne kaɗai za su ɓata rai.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ko namu ne, ku tambaye shi matsayinsa kan wannan magana kafin ku tafa masa. Allah ya sa mu dace.