Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙaramar Jif da Yaudarar Kayan Ƙawa

A 2024 hukumar kula da gandayen dajin Amurka ta aike wa wani mai Subaru Crosstrek takardar gargaɗi. Laifinsa shi ne ya bi wata hanya a gandun Canyonlands ta jihar Utah wadda aka keɓe wa motocin daji na ainihi. Motarsa tana juya ƙafafunta huɗu, amma hukumar ta ce wannan bai isa ba. Magoya bayan ƙananan jif-jif sun fusata, sai dai hukumar ce ke da gaskiya, kuma gaskiyar ta shafi duk wanda ke shirin ɗora tanti a kan RAV4 ɗinsa ya nufi jeji, ko a Utah yake ko a Abuja.

Motocin da ake kira kurosoba ba su daɗe a duniya ba. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, Subaru kuma da Forester a 1997. Dukansu ƙirar motar gida ce aka ɗaga sama: gangar jiki da shasi abu ɗaya ne. Land Cruiser da Hilux kuwa an ɗora jikinsu ne a kan ƙarfe mai siffar tsani wanda ke jure murɗawa da duka. Babban bambancin yana cikin giya. Motar daji tana da ƙaramar giya ta musamman da ke rage gudu ta ninka ƙarfi, har ta hau tudu da rarrafe. Yawancin kurosoba ba su da ita. Ƙafafun gaba ne ke jan motar, sai sun zame na'ura ta tura ƙarfi zuwa baya. A cikin yashi mai zurfi na'urar takan yi zafi ta janye aikinta, a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Masu sayar da kayan ƙawa ba su cika kawo wannan bayani ba, domin ba ya kawo ciniki. Abin da suke tallatawa shi ne tantin rufi, da manyan tayoyi, da ƙarfen gaba, da jerin fitilu, da kayan ɗaga mota. Kamfanonin motar ma sun shiga kasuwar da sunaye irin su Wilderness da TRD Off-Road. Amma lissafi ba ya jin talla. Nauyin da irin waɗannan motoci ke iya ɗauka, har da mutanen ciki, yakan tsaya tsakanin kilo 400 zuwa 500. Manya huɗu sun kai kilo 300. Lita 60 ta ruwa kilo 60 ce. Jarka biyu ta fetur ta kusa kilo 40. Tanti da kariyarsa sukan kai kilo 80. An kai 480 ke nan, ba a saka abinci ko kayan gyara ba. Mafi muni, an ɗora kaso mai yawa a saman rufi, inda yake ƙara wa mota saurin kifewa a kwana ko a gangare.

Sauran kayan ma kowanne da kuɗin da yake karɓa a ɓoye. Ɗaga mota fiye da kima yana karkatar da sandunan da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafu, su riƙa cinyewa da wuri. Babbar taya tana ƙara wa giya da birki wahala, tana kuma shan mai. Ƙugiyar jan mota da aka zo da ita daga kamfani an yi ta ne don ja a hankali a kan kwalta. Fizgar motar da ta nutse a laka da ita na iya tsinke ƙarfe ya tashi kamar harsashi.

Masu kare kurosoba suna da hujja mai nauyi, kuma ya kamata a saurare ta. Peugeot 504, wadda ƙafafun baya kawai ke ja, ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma ta yi shekaru tana ratsa hanyoyin ƙauyukan Najeriya da Nijar. 'Yan'uwan Marreau na Faransa sun kammala gasar Faris zuwa Dakar ta farko da ƙaramar Renault 4. Fiat Panda mai ƙafa huɗu ta 1983 har yau tana hawan duwatsun Italiya. Duk gaskiya ne. Amma hujjar tana yankan masu riƙe da ita. Abin da ya ceci waɗannan motoci shi ne rashin nauyi, da sauƙin gyara, da direban da ya san iyakarsu. Kowane makanike daga Kaduna zuwa Agadas ya san cikin 504. Kurosoba ta yau, mai cike da na'urorin lantarki, idan ta mutu a nesa da gari sai an nemo kwamfuta kafin a san ciwonta. Ita 504 ɗin ma ba ta tsira kullum ba: a cikinta Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya, ya ɓace kwana shida a Saharar Aljeriya a 1982.

Saboda haka matsalar ba ƙanƙantar motar ba ce. Forester mai tazarar milimita 220 daga ƙasa za ta bi hanyar burji da ta tsakuwa da laka mara zurfi cikin natsuwa. Abin da take bukata kaɗan ne, kuma ba mai ɗaukar ido ba ne: tayoyi masu kaurin gefe a girman da kamfani ya tsara, cikakkiyar safaya maimakon siririyar nan ta wucin gadi, farantin ƙarfe da zai kare kaskon baƙin mai, famfon iska da ma'auninsa domin rage iska a yashi da mayar da ita, shebur, da ruwa. Tantin ƙasa ya wadatar. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Sannan kada mota ɗaya ta shiga jeji ita kaɗai.

Wanda tafiyarsa ta wuce wannan, ya sayi motar da aka ƙera don ita. Ko ƙaramar Suzuki Jimny, da ke kasuwa tun 1970, tana da shasin tsani da ƙaramar giya. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku ba don ado suka zaɓi Hilux da Land Cruiser ba. Sun san abin da ake rasawa idan mota ta tsaya a Tenere. Kafin a biya kuɗin tanti, a buɗe ƙofar direba a karanta takardar nauyi da ke liƙe a jikin ginshiƙi. Adadin da ke kanta ya fi duk wani talla gaskiya.