Gwangwanin Kori da Hikimar Turmi



Idan aka ambaci abincin Indiya, abin da ke faɗo wa uwargida a rai shi ne garin nan rawaya na gwangwani da muke kira kori. Alhali kuwa da wuya ka tarar da shi a madafar mutanen Indiya. Turawan Ingila ne suka fara sayar da shi a ƙarshen ƙarni na 18, don kwaikwayon ɗanɗanon da suka baro can. Sunan ma daga kalmar "kari" ta harshen Tamil suka aro shi. Su ƴan ƙasar masala suka sani, wato haɗin kayan yaji, kuma kowane yanki da irin nasa.

A arewacin Indiya akwai garam masala, ma'ana haɗi mai ɗumi. Ana yin sa da kirfa, da kanumfari, da baƙin masoro, da kamun, da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da alhazai suka sani a gahawar Larabawa. Sai girki ya kusa sauka ake barbaɗa shi, kada wuta ta kore ƙamshin. A Bengal, can gabas, suna da panc foron: iri biyar daidai wa daida, cikinsu har da hulba da habbatus sauda, kuma ba a daka su. A kudu kuwa, garin miyar sambar har da soyayyen wake ake niƙa shi. Barkonon da ya game dukan waɗannan girke-girke baƙo ne: ƴan Fotugal suka kawo shi daga nahiyar Amurka, bayan Vasco da Gama ya sauka Kalikut a 1498 yana neman masoro.

Sirrin yana ga yadda ake sarrafa kayan. Ƙamshin yaji wani mai ne da ke ɓoye cikin ƙwaya. Da zarar an niƙa ta, sai ya soma bin iska. Shi ya sa gwanayen girkinsu ke ajiye ƙwaya ɗungum, su gasa kaɗan a busasshen kasko, su daka gwargwadon buƙata. Wani lokaci kuma su jefa ƙwayoyin cikin mai mai zafi har su yi ta fashewa, sannan su juye a kan miya. Wannan suke kira tadka.

Akwai kuma batun lafiya. Gari ya fi ƙwaya ɓoye algus. Masu bincike sun gano cewa a Bangladesh da wasu sassan Indiya an riƙa shafa wa kurkur sinadari mai dalma don ya ƙara rawaya, dalma kuwa tana raunana ƙwaƙwalwar yaro. A 2024 ma, hukumomin Hong Kong da Singafo sun janye wasu ƙunsassun masala na Indiya daga kasuwa saboda ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Saboda haka, uwargida, ba sai kin nemi gwangwani mai tsada ba. Citta, kirfa, kanumfari, hulba da tafarnuwa duk suna kasuwarmu. Sayi saiwar kurkur wadda ba ta cika sheƙi ba, ki wanke, ki shanya, ki daka da hannunki, kamar yadda iyayenmu ke daka yajin jego. Ki haɗa na mako biyu ko uku kawai, ki rufe a kwalba nesa da rana da zafin murhu. Maigida kuma, in za ka yo cefane, ka tambayi mai kayan yaji ƙwaya kafin gari.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.