Agogo da ajiya: ciwo biyu, magani biyu

Wasannin Game Boy na kamfanin Nintendo sun dawo hannun yara ta hanyar makwaikwayi, wato manhajar da ke sa wayar salula ko kwamfuta ta yi aikin tsohuwar na'urar. Kukan da ake yawan ji iri biyu ne: ko wasan ya ƙi ajiye inda aka tsaya, ko agogonsa ya daskare. Sai uba ya ɗauki waya zuwa wajen mai gyara, ya biya kuɗi, alhali lafiyarta lau.

Asalin maganar yana cikin kaset. A Pokémon Gold da Silver, da suka fito a Japan a 1999, pil guda ke riƙe da agogo da ajiya. Ranar da ya mutu, duka biyun sun tafi. A Ruby da Sapphire na 2002, da Emerald na 2004, an raba su: ajiya ta koma ma'ajin Flash mai kilobayit 128 wanda ba ya bukatar wuta, pil kuwa agogo kaɗai yake turawa. Makwaikwayi ba shi da ko ɗaya, sai ya ƙaga su, kuma nan ake samun kuskure.

Tsohon VisualBoyAdvance yakan ɗauki ma'ajin a matsayin 64, rabin abin da wasan ke nema. Shi ya sa wasan ke ƙorafi tun daga buɗewa, ajiya ta lalace. A shiga saiti a zaɓi Flash 128K, a kawar da gurɓataccen kundin .sav, sannan a rufe manhajar a sake buɗewa. Tun kafin a fara wasa ya kamata a yi wannan. Wanda ya bari sai bayan wata biyu yana iya komawa farko. Sunan kundin kuma tilas ya zama daidai da na wasan, harafi da harafi.

Agogo ya fi sauƙi. In wasan ya ce pil ya ƙare, ƴaƴan itacen da aka shuka suka daina girma, ruwan kogon Shoal ya daina cika da janyewa, a kunna layin Real Time Clock, wasan zai ari lokacin na'urar. Amma fa a kiyaye: mai wayon tura agogo gaba domin girbin gaggawa, in ya maido shi baya, shuka takan tsaya cik har kwanan da ya tsallaka ya zo.

Ajiyar nan take da makwaikwayi ke yi da maɓalli guda tana da daɗi, sai dai sau da yawa wata manhajar ba ta karanta ta. Ta cikin wasan ita ce abin dogaro, ita ake kwafewa a adana wani wuri. Wanda bai son wannan wahala duka ya koma mGBA, domin shi da kansa yake gane irin ma'ajin da agogon waɗannan wasanni.